Ina za mu samo kuɗin aikin sassaƙa da matasa masu buƙata ta musamman?

Malama, bari in maimaita tambayarki a taƙaice domin mai karatu ya san inda aka dosa. Kina aiki da matasa kusan ashirin. Wasu kurame ne, wasu makafi, wasu a keken guragu suke, wasu kuma lafiyarsu lau, talauci ne kawai ya raba su da makaranta. Kuna son ku haɗu ku yi babban aikin sassaƙa a filin da jama'a ke taruwa, wanda siffarsa za ta fito daga abin da ke cikin daji da lambu, kamar ganye, kwanson iri, saiwa ko sheƙar tsuntsu. Kin nemi tallafi sau biyu ba a ba ki ba. Kina tambaya ina kuɗin suke, kuma me ake rubutawa har a samu.

Na daɗe ina rubuta irin wannan takarda, daga baya kuma na zauna cikin masu tantance ta wasu. Takardun da na ga suna faɗuwa a irin aikinku kusan kamarsu ɗaya. Shafi uku ana kwatanta abin da za a gina, tsayinsa, faɗinsa, yadda rana za ta riƙa ratsa shi da yamma. Matasan kuwa layi biyu suka samu a can ƙasa, an ce za su amfana. Mai tantancewa yana da tulin takardu a gabansa, kuma abin da idonsa ke nema shi ne: wa zai zo, sau nawa zai zo, me zai yi da hannunsa, wa zai kawo shi ya mayar da shi gida, wa zai kula da abin bayan an watse. Wanda ke son kyakkyawan abu a fili kawai, ƙwararre ɗaya zai ɗauka ya gama masa da wuri, kuma da sauƙin kuɗi. Idan ya yarda ya ba ku, to lokacin waɗannan matasa da hannayensu ya biya. Da zarar kin riƙe wannan, sauran rubutun zai daidaita da kansa.

Aikinku yana da wata sa'a da yawancin ayyuka ba su da ita: ƙofa uku yake iya ƙwanƙwasawa.

Ta farko ita ce ta masu tallafa wa fasaha. A Ingila akwai Majalisar Fasaha, wadda ke raba kuɗin da ake warewa daga cacar ƙasa da aka fara a 1994, kuma tallafinta na ayyuka yana farawa daga fam 1,000. A Amurka akwai asusun fasaha na tarayya da aka kafa a 1965, wanda ƙungiyoyi yake ba wa, kuma ƙa'idarsa ita ce duk dala ɗaya da ya bayar sai kun kawo ɗaya daga wani wuri. Ƙasashe da yawa suna da makamantansu a ma'aikatar al'adu ko a hukumar birni. Waɗannan mutane abin da ya dame su shi ne ingancin aikin: wane ne mai fasahar da zai jagoranta, me ya taɓa yi, shin abin da za a fitar zai tsaya da ƙafarsa ko da mai kallo bai san su wa suka yi shi ba. Ki kuma lura da asalin kuɗi tun kafin ki nema, domin akwai ƙungiyoyi da iyayen da ba sa karɓar abin da ya fito daga caca ko daga wasu kamfanoni, gara a yi wannan magana a kwamiti tun farko da a yi ta bayan kuɗi sun shigo.

Ta biyu ita ce ta masu tallafa wa naƙasassu da matasa. Gidauniyar Abilis ta ƙasar Finland, wadda aka kafa a 1998, tana ba da ƙananan tallafi a ƙasashe masu tasowa, amma ga ƙungiyoyin da naƙasassu da kansu suke jagoranta. A Birtaniya akwai shirin Unlimited, wanda ya samo asali daga bukukuwan al'adu na gasar Olamfik ta Landan a 2012, yana biyan naƙasassu masu fasaha su yi aikinsu. Kin ga inda aka dosa: a wannan ƙofa tambayar farko ita ce, a hannun wa ragamar take? Idan kwamitinku babu ko mutum ɗaya mai naƙasa a ciki, ku gyara wannan kafin ku rubuta komai.

Ta uku ita ce ta muhalli, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, wanda Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya take gudanarwa tun 1992, ya shafe shekaru yana ba ƙungiyoyin al'umma har dala 50,000. Ba zai ba ku kuɗi don sassaƙa kurum ba. Amma idan aikin ya haɗa da dasa itatuwan asalin wurin a kewayensa, ko share wani fili da ya zama juji, ko amfani da reshen wata bishiya da ta mamaye wuri take kashe wasu, ko barin ramuka a jikin ginin domin ƙudan zuma da tsuntsaye, to kun shiga maganarsu. Hukumomin gandun daji, lambunan shaƙatawa da gidajen adana tsirrai su ma suna nan, kuma sau da yawa abin da za su ba ku ya fi kuɗi: fili, icce, da mutumin da ya san sunan kowane tsiro.

Akwai wata 'yar taga kuma. Faransa ta kafa doka a 1951 cewa a ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina makarantun gwamnati domin aikin fasaha, birnin Filadelfiya na Amurka ya yi makamancin haka a 1959, wurare da dama sun bi sahu. Idan ana wani babban gini na hukuma kusa da ku, ki bincika ko akwai irin wannan tanadi. Wani wuri kuma da zan ce kada ki ɓata lokacinki a kai shi ne asusun UNESCO na bunƙasa al'adu mabambanta. Sunansa yana jan hankali, adadinsa ma haka, har dala 100,000, amma manufofi da tsarin masana'antar al'adu yake tallafa wa, aiki guda a fili ɗaya bai shiga huruminsa ba.

Aiki ɗaya ne, amma kowace ƙofa da yadda ake sallama a bakinta. Kada ki aika takarda ɗaya ga duka ukun. Kada kuma ki ƙara abin da ba za ku yi ba domin ki faranta wa wani. Na ga ƙungiyar da ta rubuta za ta dasa itatuwa masu yawa don ta samu kuɗin muhalli, ta ƙare tana ban ruwa shekara guda, sassaƙar kuwa ba a yi ba.

Idan kina neman madogara ta doka da za ki sa a layi ɗaya ko biyu, akwai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, sashe na 30 ya yi magana kan shiga harkokin al'adu, kuma ya bayyana cewa a ba su damar bunƙasa basirarsu ta fasaha domin amfanin kansu da kuma domin al'umma ta ƙaru da su. Wannan rabin na biyu shi ne zuciyar takardarki. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ita ma sashe na 31 ya tanadi haƙƙin wasa da shiga harkar fasaha. Ki rubuta daga nan, daga wurin haƙƙi da gudummawa. Takardar da ta cika da "bayin Allah" da "abin tausayi" tana rage wa matasan daraja, kuma masu tantancewa da yawa a yau su kansu naƙasassu ne, suna jin ɗacin wannan harshe tun daga layin farko.

Yanzu ga inda nake so in daɗe. Wa ya zana abin? Idan mai fasaha ya zo da zanensa a kammale, matasa suka shafa fenti a inda aka nuna musu, aka ɗauki hoto, wannan leburanci ne da aka yi wa ado. Masu fafutukar haƙƙin naƙasassu suna da takensu cewa kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba, mu kuma mun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zan ba ki abin da na gani da idona. A wani aiki mun zuba kwanson iri iri-iri a kan tebur, muna neman siffar da za mu yi babbarta. Mu masu gani duk mun tafi kan wani mai sheƙi, mai kyan launi. Wata yarinya makauniya ta ɗauki wani busasshe da ba wanda ya kula shi, ta daɗe tana juya shi, ta sa ɗan yatsa cikin tsagarsa, ta kai shi kunne ta kaɗa. Sai ta ce wannan ya fi, domin bayansa kaushi, cikinsa santsi, kuma yana magana. Daga bakinta aikin ya samu siffarsa: abu mai kaushi a waje, wanda mutum zai shiga cikinsa ya shafa bango mai santsi, da 'ya'yan itace a rataye da iska ke kaɗawa. Babu ɗayanmu da zai kawo wannan tunani. Da na zo rubuta rahoto, wannan labari na 'yan layuka ya yi aikin da duk sauran shafukan ba su yi ba.

Saboda haka kada ki kai wa mai tallafi zane gamamme. Ki kai masa hanyar da za a bi a isa ga zanen: fita daji ko lambu sau kaza, tattara abubuwa, gwada ƙananan samfura da yumɓu da waya da kwali, yadda za a zaɓa, da yadda wanda ba ya magana da baki zai sa nasa ra'ayin. Ki faɗi iyakar girman abin da kayan da ake tunani, domin kasafi ya tsaya, amma ki bar siffar a buɗe. A nan ne kuma za ki ji daga iyaye da maƙwabtan filin. Akwai al'ummomin da ba sa son siffar mutum ko dabba a tsaye a fili, kuma ganye da saiwa da kwanson iri suna raba ku da wannan gardama tun ba a fara ta ba.

Wannan hanya lokaci take ci, lokaci kuwa kuɗi ne, don haka ki rubuta shi a fili. Judith Scott, Ba'amurkiya da aka haifa a 1943 da lalurar Down, wadda ke jinkirta girma da koyo, kuma kurma, ta shafe shekara 35 a gidan killace naƙasassu kafin 'yar'uwarta tagwaye ta fito da ita. A 1987 ta fara zuwa cibiyar Creative Growth da ke Oakland a jihar Kalifoniya, wadda aka buɗe a 1974. Kusan shekara biyu tana zuwa ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba. Sai wata rana ta ɗauki sanduna ta fara naɗe su da zare. Daga nan har rasuwarta a 2005 ba ta tsaya ba, kuma a 2014 gidan tarihi na Brooklyn ya baje ayyukanta. Ina yawan tuna shekara biyun nan idan na ga takardar da ta ware zama huɗu kacal ta ce an gama. Ba kowane yaro ne zai zama ita ba, kuma ba wannan ake nema ba, amma akwai wanda zai yi zama uku yana bakin ƙofa kafin ya taɓa yumɓu. Gara zama goma sha biyu gajeru, da mutum shida ko takwas a kowane rukuni, da kwana uku cur da mutum ashirin a ɗaki ɗaya.

Sai kasafin kuɗi, wanda a wurina shi ne ainihin takardar. Ni idan aka ba ni takarda, shafin lissafi nake fara buɗewa, domin a nan ake gane ko mai nema ya san aikin. Layin farko da nake dubawa shi ne kuɗin da zai sa kowane matashi ya iya zuwa kuma ya iya aiki. Motar da keken guragu zai shiga, zuwa da komawa, kowane zama. Tafintan maganar hannu, kuma idan zaman ya yi tsawo mutum biyu ake ɗauka suna karɓar juna, domin hannu da ƙwaƙwalwa suna gajiya. Masu taimaka wa waɗanda ke buƙatar mutum a gefensu. Teburin da ake ɗagawa a sauke. Kayan aiki masu kaurin mariƙi ga wanda yatsunsa ba sa damƙa. Bayani da rubutun makafi ko manyan haruffa ko hotuna. Banɗakin da ake iya shiga da keke. Wuri mai shiru da wanda hayaniya ta dame shi zai je ya huta. Ga matasan da talauci ne matsalarsu kuwa, ki tuna cewa wanda ya zo wurinku ya bar abin da yake samu a ranar, don haka kuɗin mota da abin da zai ci da ɗan alawus su ne ke sa ya dawo mako mai zuwa.

Na taɓa yin kuskure a nan, kuma har yau yana damuna. Na ga jimillar ta yi yawa, na ji tsoron a ƙi mu, sai na rage kuɗin mota da na tafinta domin adadin ya yi daɗin gani. Mun samu tallafin. Kafin a kai rabin aiki kuɗin mota sun ƙare. Yara uku masu keke, waɗanda gidajensu suka fi nisa, su ne suka fara daina zuwa. Ranar da aka buɗe aikin an zo da ɗayansu, ya zagaya shi a hankali yana neman wurin da ya sa hannu, ya samu ɗan gefe ɗaya daga makon farko, ya ɗora tafinsa a kai bai ce komai ba. Waɗanda aka nemi kuɗin dominsu su ne lissafina ya fara zubarwa. Tun daga ranar, idan dole a rage, girman sassaƙar nake ragewa. Ki kuma tambayi mai tallafi kai tsaye ko yana ware wannan kuɗi daban. Majalisar Fasaha ta Ingila, alal misali, tana barin mai nema ya sa kuɗin buƙatunsa na naƙasa a kan abin da ya nema.

Mai fasahar ku biya shi cikakken haƙƙinsa, har da kwanakin shiri da na taro, kada a ƙirga ranakun zama da yara kawai. Idan za ku iya samun mai fasaha wanda shi ma naƙasasshe ne, ko a matsayin jagora ko mataimaki, hakan yana yi wa matasa wani abu da babu jawabin da zai yi musu.

Daga nan sai layukan da ba wanda ke sha'awar rubutawa: inshora, injiniyan da zai duba tushe da ƙarfin iska idan abin ya fi mutum tsayi, izinin hukuma, ɗaukar kaya, wurin ajiya, da kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Sai hanyar zuwa wurin. Babu amfanin yaro ya gina abu da hannunsa sannan ya tsaya daga nesa yana hangensa saboda yashi ko matakala. Gangaren keke kada ya wuce tashin 1 a cikin tsawon 12, kuma keke yana buƙatar fili mai faɗin kusan santimita 150 kafin ya juya. Daɓe hanya yakan ci kuɗi kamar sassaƙar kanta, ki sa shi a lissafi.

Abin da za ku yi aikin da shi, shi ke yanke yawan kuɗin da za ku nema, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce shekara nawa kuke so ya yi. Mutane suna zaton dole sai abu ya dawwama kafin ya cancanci tallafi. Andy Goldsworthy, ɗan Birtaniya, ya yi suna a duniya da ayyukan ganye da duwatsu da ƙanƙara waɗanda wasunsu ba sa kwana, hoto ne kawai ke saura. Patrick Dougherty na Amurka ya shafe shekaru yana saƙa manyan siffofi da ɗanyun rassa tare da masu sa kai, ya gama cikin kusan mako uku, abin ya yi kamar shekara biyu ya koma ƙasa. Ga ƙungiyar da ke farawa, ni wannan hanya nake ba da shawara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba ya buƙatar wuta ko injin, hannu mai ƙarfi da mai rauni duk suna samun abin yi, kuma idan an yi kuskure a warware a sake. Hukuma ma ta fi saurin ba da izinin abin da aka ce za a kwashe bayan shekara biyu. Siminti da ƙarfe suna daɗewa, amma suna mayar da babban kason aikin hannun magini da mai walda, matasan su koma 'yan kallo. Idan har sai an yi mai daɗewa, a raba: ƙwararru su yi ƙashin, matasa su yi fatar, kamar fale-falen yumɓu da kowa ya danna ganye ko tafin hannunsa a kai aka gasa.

Ki nuna a takardar cewa kin san haɗarin kayan, domin wannan yana kwantar wa mai tantancewa hankali. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, kuma kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kada a sa ranar buɗewa kafin nan. Ƙurar busasshen yumɓu tana cutar da huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ba a sharewa da tsintsiya. Idan an ba ku kyautar katakon da ake ɗora kaya a kai, ku duba tambarin jikinsa: HT na nufin da zafi aka gyara shi, MB kuwa da guba aka turara shi, a bar shi. Yara za su hau duk abin da aka kafa a fili ko an hana, don haka a guji ramin da faɗinsa ke tsakanin santimita 9 da 23, inda jiki zai wuce kai ya maƙale.

Wa zai kula da abin bayan an kafa shi? Wannan tambaya ta kashe takardu masu kyau da yawa. Ki samu takarda daga mai filin, da sa hannu, tana cewa ya yarda a kafa, na tsawon lokaci kaza, wa zai duba shi, wa zai gyara idan an ɓata, wa zai kwashe idan lokacinsa ya yi. Abin da ya fi daɗi shi ne a ware ɗan kuɗi a biya biyu ko uku daga cikin matasan su riƙa zagayawa suna dubawa. Abin da yaran wuri suka yi da hannunsu ba kasafai ake lalata shi ba.

Kusan babu mai ba da dukkan kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma masu tallafi sun fi sakin jiki idan suka ga wani ya riga ya sa nasa. A Ingila an daɗe ana son mai nema ya kawo aƙalla kashi 10 cikin 100 daga wani wuri. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sau da yawa gudummawar da ba ta kuɗi ba tana shiga lissafi: ɗakin da aka ba ku aro, motar da wani kamfani ya bayar, iccen da aka sare aka kawo, awannin masu sa kai. Ki yi wa kowanne ƙima ta gaskiya, ki karɓi wasiƙa. Kamfanoni sun fi saurin ba da kaya da ma'aikata a kan tsabar kuɗi, don haka ki je da buƙata takamaimai, kamar lodi biyu na tsakuwa da mota ta kwana ɗaya. Karo-karo ta intanet yana da amfani wajen cike giɓi da nuna cewa jama'a suna so, amma ki san dokar dandalin. Dandalin Kickstarter, wanda ya fara a 2009, idan ba a kai adadin da aka sa ba ko sisi ba ya fita, kuma yana cire kashi 5 cikin 100 ban da kuɗin hada-hada. Yawancin abin da za a tara daga mutanen da suka riga suka san ku zai fito, don haka ki sa adadin da za su iya.

A wurin karo-karo da talla ne ake yawan zamewa game da hotuna. Hoton yaro a keke da fuskar tausayi yana kawo kuɗi da sauri, na sani, amma yaron zai girma ya tarar da shi a intanet. Ki nemi izinin matashin kansa, ba na iyaye kaɗai ba, ta hanyar da zai fahimta, kuma ya san yana iya janyewa. Ki ɗauki hannuwa suna aiki. Ki sa sunayensu a allon da ke gefen sassaƙar a matsayin waɗanda suka yi ta, idan sun yarda, da haruffa masu tudu da makaho zai shafa ya karanta.

Game da abin da za ki ce za a cimma, ki yi alkawarin da za ki iya ƙirgawa. Kada ki ce aikin zai kawar da wariya. Ki ce matasa kaza za su halarci zama kaza, kowa zai koyi amfani da kayan aiki kaza, za su jagoranci baƙi ranar buɗewa, kuma za a tambaye su a farko da ƙarshe, da baki ko da hannu ko da hoto, yadda suke ji game da shiga wannan fili. Ki riƙe rajistar zuwa tun ranar farko, ki kuma rubuta dalilin duk wanda ya daina zuwa. Mai tallafin da ya ga kin faɗi abin da bai yi daidai ba ya fi yarda ya sake ba ki.

Da ni ce ke, ba zan sake neman babban kuɗi yanzu ba. Zan nemi ƙaramin tallafi, ko in haɗa daga mutum biyu uku, in yi gwaji na mako shida da matasa takwas, mu saƙa abu ɗaya da bai fi tsayin mutum ba. Daga nan za ki fito da hotuna, da ainihin abin da mota da tafinta suka ci, da maganganun matasan da bakinsu, da mai filin da ya ga aikinku. A cikin makonnin nan kuma ki haɗa takardun da kowa zai tambaya: rajistar ƙungiya, asusun banki da mutum biyu ke sa wa hannu, rubutacciyar ƙa'idar kare yara da masu rauni, da bayanin kuɗin bara. Idan ba ku da rajista, ku shiga ƙarƙashin wata makaranta ko ƙungiyar naƙasassu mai rajista ta riƙe muku kuɗin, da yarjejeniya a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya: amsa takan ɗauki wata biyu, uku, wani lokaci shida, kuma kusan babu mai biyan abin da aka riga aka kashe kafin ya amince. Idan da ɗanyun rassa za ku yi aiki, ki ƙirga baya daga lokacin da ake yankansu, ki sa ranar aika takarda daga nan.

Wuraren nan biyu da suka ƙi ki kuwa, ki rubuta musu a wannan makon, cikin ladabi, ki roƙi su gaya miki inda takardar ta gaza da kuma ko za ki iya sake nema. Da yawa suna amsawa, wasu har su ba ki minti goma a waya. Idan aka ba ki, ki je da ɗaya daga cikin matasan da tafintansa, ki bar shi ya faɗi abin da yake so ya gina.